Wa ke cika mana kwata da shara?

Tela Bakin Titi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Admin ka yi haƙuri, yau kam sai na yi magana. Ruwan daren jiya ba wani mai yawa ba ne, amma kwatar layinmu ta tumbatsa ta hau titi, da safe muka tarar da ruwa har cikin shaguna. Da muka zura gora a bakin kwalbati ga abin da ya fito: ledar fiya wata, robar lemo, famfas ɗin yara, tsummokara, har da wata tsohuwar katifa. Kowa a nan ya sani, da hadari ya haɗo iska ta fara kaɗawa sai a turo yara da bokitin shara su juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Mata, don Allah ku ji tsoron Allah.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam Tela. Amma mata ka ce? Laifi tudu ne. Ƙyallayen da kuke yankewa a shago ina kuke kai su? Mai shayin da ke jikin shagonka ina yake zuba ɓawon ƙwai da ledar taliya? Ni ba na zubawa, amma na san abin da ke sa wasu suke yi. Jujin da muke kai wa shara an sayar da filin, yanzu shaguna ne a wurin. Wanda ya rage sai an tsallaka babban titi. Wace uwa ce za ta tura ɗan shekara bakwai ya tsallaka titin da 'yan adaidaita sahu ke tsere a kai? Maigida ya fita tun asuba bai bar kuɗin mai kura ba, shara ta kwana uku a tsakar gida, ga ƙuda, ga kaji suna tonawa. Ku faɗa mana inda za a kai ta tukuna.

Tela Bakin Titi: Hajiya ni ƙyallayena masu cusa filo ne suke zuwa su kwashe.

Maman 'Yan Biyu: Naka kenan. Na sauran teloli goma na layin fa?

Ɗan Zamani: Ku daina wahalar da kanku. Aikin gwamnati ne. Muna biyan haraji, su kawo mota su kwashe, shi kenan.

Injiniya: Ƙanina, ko da za a ajiye mota a ƙofar kowane gida, akwai abin da ya kamata mu gane game da kwatar kanta. Ba a gina ta don ɗaukar kaya ba, ruwa kawai aka auna mata. Ku ɗauki gida mai fili ƙafa 50 ta 50, wanda aka rufe da kwano aka shafe tsakar gidansa da siminti. In aka yi ruwa mai zurfin milimita 30, wanda a watan Agusta ba abin mamaki ba ne, gidan nan shi kaɗai zai sako kusan lita 7,000. Duro 35 kenan. Ku ƙirga gidajen layinku ku ninka. Duk wannan ruwan ta rami ɗaya zai bi, kuma a cikin ɗan lokaci.

Abu na biyu, mafi yawan abin da ke cike kwata ba leda ba ce, ƙasa ce da yashi: sharar ƙofar gida da ake turawa ciki da tsintsiya, yashin masu gini da ake jibgewa a bakin titi, da zaizayar lungunan da ba a yi musu kwalta ba. In ruwa yana gudu da ƙarfinsa yakan wanke yashin ya wuce da shi. Aikin leda da tsumma shi ne su maƙale a bakin kwalbati su rage wa ruwa gudu, daga nan yashi ya kwanta, shekara ta zagayo ka ga kwata mai zurfin ƙugu ta koma iya idon sawu. Saboda haka mai share ƙofar shagonsa ya tura ƙurar cikin kwata, da mai juye bokiti da daddare, aiki ɗaya suke yi.

Tela Bakin Titi: Injiniya ka dawo kaina kenan.

Injiniya: Har da ni, ranka ya daɗe. Masu zuba wa kwata silab su kafa kes a kai su ma suna ciki. Inda aka rufe ba a iya yashewa. Ku tuna abin da ya faru a Kantin Kwari a damunar 2022, ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddoji, kuma babban abin da 'yan kasuwar da kansu suka yi ta kuka da shi shi ne gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa.

Baba Duba-gari: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa. 'Yata Maman 'Yan Biyu ta faɗi gaskiya, shi ma Tela ya faɗi gaskiya. Abin da ku yara ba ku sani ba, sharar da can ba irin ta yanzu ba ce. Toka ce, da kashin awaki, da dusa, da ganyen da aka ƙunso goro ko daddawa. Wannan dukiya ce. Da rani manoman Ungogo da Kumbotso da sauran ƙauyukan kewaye suna shigowa birni da jakuna, su kawo itace, su koma da mangala cike da taki. Ba wanda zai zuba taki a kwata, ai asara ce. Awo a kwano ake yi, cefane a kwando, man gyaɗa a kwalba. Yanzu ko barkonon naira hamsin ka saya sai an ƙulla maka a leda, a sake saka ledar a wata ledar.

Sannan akwai kududdufai. Duk unguwar da ka shiga a cikin birni akwai inda aka haƙi ƙasar gini, ruwan sama ya taru a nan ya nutse a hankali. Mu ne muka cike su da shara, da suka cika aka yanka filaye aka gina gidaje. Ruwan bai san an sayar ba, duk shekara sai ya zo neman wurinsa.

Mu a lokacinmu gida-gida muke shiga. A duba randa, a duba masai, a duba rariya. In an sami ƙazanta a ba maigida takarda, in bai gyara ba sai gaban alƙali. Kuma mai unguwa yana bayanmu. Ba na cewa komai na da daidai ne, akwai masu karɓar na goro su kau da kai, amma mutane suna jin kunyar a ce duba-gari ya tsaya a ƙofarsu.

Ɗan Zamani: Allah ya ƙara girma Baba. To ai maganata ce, hukuma ce ta yi sake. Ga aikin rufe kogin Jakara da aka fara tun zangon Kwankwaso na biyu, titin Wuju-Wuju, da waɗanda suka biyo baya sun

Admin: Ɗan Zamani tsaya nan. Dokar zaure ba siyasa. Na goge ragowar.

Ɗan Zamani: Gaskiya ɗaci gare ta.

Injiniya: Ba tare da siyasa ba, rufe kogi da kankare yana ɓoye shi ne daga ido da hanci. Abin da aka zuba daga sama yana nan yana bi ta ƙasa, ya fita ta ɗaya bakin.

Mai Lambu: Yauwa, ɗaya bakin nan mu ne. Tun ɗazu nake karantawa ina jira a iso kaina. Malam Tela ya yi tambaya, ya tafi da ita ina? Ga amsa. Duk abin da ya fita daga rariyoyin Dala da Fagge da Sabon Gari, Jakara yake faɗawa. Ya bi ta wajen mahauta ya ɗauki jini da kashin tumbi, ya wuce ta Nomansland, can gaba ya haɗu da Getsi mai ɗauko ruwan kamfanonin Bompai, daga nan sai dam ɗin Wasai a Minjibir, wanda aka gina tun 1976. A bakin wannan ruwan muke noman rani, mu da iyayenmu. Latas, kabeji, alayyafo, karas, albasa mai lawashi. Da rani ba ruwan sama ko ɗigo, abin da ke gudu a Jakara ruwan wanke-wankenku ne da na wankanku. Shi injinmu yake ja. Kafin ka tayar da inji sai ka shiga ka yaye leda daga bakin tiyo, in an jima ka sake shiga. Bayan ruwan farko kuwa, fadama takan koma fari fat da ledar fiya wata, sai mun bi da manjagara kafin mu yi kaftu. Allurar asibiti ma muna tsinta.

To kayan nan da asuba ake lodinsu a kai kasuwa. Wanda ya zuba famfas a kwata ranar Litinin, ba mamaki ranar Juma'a a yanka masa latas ɗin a kan shinkafa da wake.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Wallahi ka sa na ji zuciyata na tashi.

Sista: Yaya Mai Lambu, ka yi haƙuri, amma in kun san haka ruwan yake me ya sa kuke ban ruwa da shi?

Mai Lambu: Anti Sista, ki ba ni wani ruwan. Rijiyar burtsatse nawa ake haƙa ta yanzu? Filin ma aro ne, wa zai haƙa rijiya a gonar da ba tasa ba? Mu ba mu muka ɓata kogin ba, a haka yake iso mu. Kuma mu ne muke tsayawa a cikinsa har gwiwa, ki ga ƙafafunmu da rani.

Sista: Ban ce laifinku ba ne. Amma tunda an zo nan bari in faɗi abin da na sani. Ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta, a sake wankewa, a jiƙa a ruwan gishiri ko ruwan kal. Wannan yana rage ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, ba ya kawar da su duka, kuma ba ya taɓa gubar ƙarfe da shuka ta riga ta sha daga ruwan masana'antu. Yara ƙanana gara a ba su dafaffe.

Amma ni abin da ya fi tsorata ni ba latas ba ne. Ku leƙa kwatar layinku ku ga bututun ruwan famfo nawa ne suka bi ta cikinta. Da yawa na roba ne, sun tsage an ɗaure da ƙyauren taya. Lokacin da aka ɗauke ruwa bututun babu komai a ciki, sai ruwan kwata ya tsotsu ta tsagar. Ranar da aka kawo ruwa, shi ne farkon abin da zai zubo a bokitinki. Haka amai da gudawa da taifot suke shiga gida. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ga kuma masu jiran a fara ruwa su buɗe sokawe su sako cikin kwata don kada su biya mai yashe masai. Wannan ya fi katifar Malam Tela muni sau dubu, kuma ba mata ne suke fasa sokawe ba.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya yi miki albarka Sista. A maimaita musu.

Ɗan Zamani: Sauron da ke hana mu barci ma ai daga nan ne, shi ya sa maleriya ba ta ƙarewa.

Sista: Rabi da rabi. Wanda ke hayayyafa a baƙin ruwan kwata mai wari yawanci wani jinsi ne daban, mai kuka a kunne da cizo. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwan da ya kwanta bai ƙazantu sosai ba. Sai dai in kwata ta toshe ruwan sama ya malala ya kwanta a lunguna da sawun taya, to an yi masa gida shi ma.

Na'ibin Liman: Assalamu alaikum. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi kan abubuwa uku masu jawo tsinuwa: yin bahaya a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke zama. Wanda ya sako masai a kwata ya haɗa biyu a lokaci guda, hanya da ruwa. Kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya kan wanda katangarku ta haɗu ba, wanda ruwanka ke gangarawa wurinsa ma yana da haƙƙi a kanka ko ba ka taɓa ganinsa ba. Amma a yi adalci, ciyar da gida da ɗauke masa cuta suna wuyan maigida. Kuɗin shara yana cikin kuɗin cefane.

Tela Bakin Titi: Allah ya gafarta Malam, a saka mana wannan a huɗuba.

Na'ibin Liman: Zan isar wa Liman in sha Allah.

Hajiyar Nima: Sannunku 'yan gida, ina bin ku daga Ankara, babban birnin Gana. Abin da kuke faɗa mun gan shi da idonmu. Babbar gotar Nima ita ma haka ake mata, ana jiran ruwa a zuba bola, ta kwasa ta kai kogin Odaw wajen Circle. Ranar 3 ga Yuni 2015 ruwa ya cika wurin, mutane suka fake a wani gidan mai, fetur ya bi saman ruwa wuta ta kama. Mutum fiye da 150 suka mutu a dare ɗaya. Yanzu a wajenmu masu babur mai ƙafa uku ne ke bi lungu-lungu suna karɓar bola, ka biya su a take. Amma ku kula, wani in ya karɓi kuɗinka sai ya zagaya baya ya juye a gotar da kake gudu.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya kamar kin san namu. Almajirin da ake ba naira ɗari ya kai juji, in ya sha kwana ya ga ba kowa, kwata ce jujinsa. Yaro ne, yunwa yake ji, ga nisa.

Ɗan Zamani: A hana leda kawai a huta. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya 2017. Ko Legas ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024.

Na Maraɗi: Ɗan'uwa ku yi a hankali da zancen doka. Mu nan Nijar an yi dokar hana leda tun 2014. Ku zo kasuwar Maraɗi ku gani ko akwai mai sai da tumatir da ba shi da baƙar leda. In iska ta taso har bisa itace kuke ganinta, gwalalo kuwa duk damana sai an yashe, abin da ya kuɓuce ya tafi Gulbi. In ba a ba mutane abin da za su riƙa a madadinta ba, doka takarda ce. Kuma ku da kuke shan ruwan leda safe da yamma, in an hana me za ku sha?

Ɗan Zamani: Wannan kuma gaskiya ne Alhaji.

Mahauci: Ni dai abin da nake gani a wurin aiki, akuyar cikin gari in ta rame ba dalili, ana yankawa sai ka ciro dunƙulen leda daga tumbinta, wani ya kai girman kan yaro. Masu kiwo a gida su ma su sani.

Ɗan Gwangwan: Jama'a ku bar ni in yi talla. Rabin abin da kuke jefawa kuɗi ne. Robar lemo da ta ruwa, masu zoɓo da kunun aya suna saye, wadda ta lotse kuma ana aunawa a kilo. Gwangwani, fasasshen bokiti, tsohon silifas, kwali, dalma, duk muna ɗauka. Ledar fiya wata ma akwai masu saye su narka, amma sai busasshiya mai tsabta, in ta sha baƙin ruwan kwata ba mai so. Ku rataye buhu ɗaya a bayan ƙofa, duk wanda ya sha ruwa ya jefa ledar ciki. Ba za ta sa ku kuɗi ba, ledar ba ta da nauyi, sai an tara da yawa kafin ta yi kilo. Amma ta fita daga bokitin shara. Ɓawon kayan miya da sauran tuwo a ba masu awaki. Toka a ba Mai Lambu.

Mai Lambu: Toka da kashin kaji ko yanzu ina so, in dai ba gilas ba batir a ciki.

Maman 'Yan Biyu: To famfas fa? Shi wa zai saya?

Ɗan Gwangwan: Wannan kam Hajiya ya fi ƙarfina.

Sista: A kakkaɓe ƙazantar a masai, a naɗe a ƙulle a leda, ya tafi juji. Kada a jefa shi cikin masai, yana kumbura ya cika rami, kada kuma a ƙona a tsakar gida, hayaƙin ba shi da kyau ga mai asma da jarirai. In an cire robobi da ragowar abinci kamar yadda Ɗan Gwangwan ya ce, abin da zai rage ba shi da yawa, mai kura sau biyu a sati ya isa.

Injiniya: Kada a manta da baƙin mai. Masu gyaran babur da janareto suna tuttular da shi a kwata. Shi ba ya toshe komai, shi ya sa ba a ganin laifinsa, amma yana shimfiɗuwa a saman ruwa har inda masunta ke kamun kifi a Wasai. Kuma akwai masu sayensa. Ga 'yan zauren nan da suka koma kudancin gari, wajen Sharaɗa da Gandu, naku ruwan ba Jakara yake zuwa ba, ta Salanta da Tatsawarki yake bi ya faɗa Challawa, ɓangaren da matatar ruwa ta Tamburawa take.

Admin: To jama'a, an yi magana mai amfani, kada ta tsaya a waya. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli, ƙarfe 7 zuwa 10 ba zirga-zirga. Maimakon a kwanta barci, mu fito gayya mu yashe daga masallaci zuwa kwalbatin bakin titi.

Baba Duba-gari: Ɗana, kafin ku sa shebur ku fara sanin motar da za ta kwashe. Abin da nake gani duk shekara, matasa su yi aiki kamar su mutu, su tara baƙar laka a bakin kwata, ta bushe, awaki su baje, ruwa na gaba ya mayar da ita inda aka ciro ta. A bar ta kwana ɗaya ta tsane, washegari a ɗauke. Kuma daga ƙasa ake farawa, wajen kwalbati, a hauro sama.

Admin: Mun ji Baba. Zan rubuta wa REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, takarda ta hannun mai unguwa a nemi mota, in ba ta samu ba mu ɗauki hayar tifa. Shawara ta biyu, kowane gida naira 500 a wata, mu ɗauki masu kura biyu da muka san fuskarsu, mu kuma san jujin da suke kaiwa. Wanda aka kama yana zubawa a kwata bayan haka, tara.

Tela Bakin Titi: Na yarda. Tarar ta zama 5,000, kuma a ɗauki hoto a saka a nan.

Maman 'Yan Biyu: Hoton ɗan wa? Yaron da aka aika? Ba za a saka hoton ɗan kowa ba. A je a sami uban a zaure. Kuma gidan haya mai ɗaki goma da gidan tsohuwa mai ɗaki ɗaya ba za su biya kuɗi ɗaya ba. Shaguna ma su biya nasu daban.

Tela Bakin Titi: Shaguna kuma? Mu da muke biyan na 'yan sintiri ninki biyu?

Mahauci: Hajiya ta fi ka gaskiya Tela. Ni zan biya.

Na'ibin Liman: A ƙirga da magidanci, ba da ƙofa ba. Zawarawa da tsofaffin da ba su da mai yi musu a ɗauke musu.

Ɗan Zamani: Kuɗin a hannun wa zai zauna? Don na sintirin bara har yau ba mu ga lissafi ba.

Admin: Lissafin yana nan, ka zo ka duba. Kuɗin shara kuma na ba da shawarar Sista ta riƙe.

Sista: A'a wallahi, ina da aikin dare. A ba Maman 'Yan Biyu, ita ce ta san gidajen ciki.

Maman 'Yan Biyu: Sai na tambayi Baban 'Yan Biyu. In ya yarda, da sharaɗin Tela ne zai fara biya.

Injiniya: Ina da shebur uku da baro ɗaya. Ana buƙatar safar hannu ta roba da takalmin ruwa, kada yaro ya shiga da silifas, akwai fasassun kwalabe. Masu kes a kan silab ɗin kusa da mai shayi, wa zai yi musu magana su ɗaga kafin Asabar?

Admin: Ba sa cikin zauren nan. Malam Tela, maƙwabtanka ne.

Tela Bakin Titi: Ɗaya ƙanin matata ne. A tura Baba.